Sana'ar rubuta manhaja a Kano: Darussan da ake koya a bakin aiki

A unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni na birnin Kano, kamar a sauran cibiyoyin kasuwanci na arewacin Najeriya, kwamfuta da wayar salula suna ta karɓe aikin da littafin lissafi da biro suka daɗe suna yi.

Mai kantin magani yana son sanin abin da ya rage masa a kan kanta. Makaranta mai zaman kanta tana son fitar da sakamakon jarrabawa ba tare da malamai sun kwana suna tara maki ba. Asibiti kuma yana son a nemo katin majinyaci cikin minti guda.

Kowace na'ura da ke irin wannan aiki, akwai wanda ya zauna ya rubuta mata umarnin da take bi. Shi ne mai rubuta manhaja.

Waɗanda suka daɗe a sana'ar sukan ce rubuta umarnin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana wajen tabbatar da cewa manhajar za ta ci gaba da aiki daidai bayan ta shiga hannun jama'a, inda wuta ke ɗaukewa, sabis ke yankewa, kuma dukiyar wani ko mutuncinsa suka rataya a kan abin da na'urar ta nuna.

Mece ce manhaja?

Manhaja jerin umarni ne da ake rubuta wa kwamfuta, mataki bayan mataki, domin ta aiwatar da wani aiki. Na'urar ba ta da basirar gane nufin mai rubutu. Abin da ya rubuta shi take bi, ko da kuwa kuskure ne.

Kalmar algoridim, wadda ake kiran irin waɗannan tsararrun matakai da ita, ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Wani babban sashe na littafinsa na aljabara ya yi magana ne a kan lissafin gado da wasiyya.

Ana rubuta umarnin da harsuna na musamman. Daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa akwai Python, wanda ya fito a 1991, sai Java da JavaScript da PHP, waɗanda dukkansu suka fito a 1995.

Shawarar da aka fi ba masu koyo ita ce su riƙe harshe ɗaya har su ƙware, su gina wani abu mai amfani da shi, kafin su waiwayi na biyu. Wanda ya iya tsara tunaninsa a harshe guda ba ya shan wahalar koyon wani.

Inda aikin yake

Ƙaramar hukumar Tarauni, mai hedikwata a Unguwa Uku, tana da mutane sama da dubu 220 a ƙidayar 2006, kuma Gyaɗi-Gyaɗi na cikinta.

A wannan yanki ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, a kan titin Zariya. An kafa shi a 1988, kuma kewayensa cike yake da kantunan magani da ɗakunan gwaje-gwaje da ƙananan asibitoci.

A nan ne kuma kasuwar wayoyi ta Farm Centre take, inda ɗimbin matasa ke saye da sayarwa da gyaran waya. Titin Gidan Zoo da ke makwabtaka ya yi suna da ofisoshin masu shirya finafinan Hausa da shagunan aikin kwamfuta.

Tun daga watan Agustan 2001, lokacin da kamfanonin wayar salula suka fara aiki a Najeriya, buƙatar masu wannan sana'a take ƙaruwa. Wasunsu sun fito daga Jami'ar Bayero ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Wudil, wasu daga cibiyoyin horaswa irin su CITAD, da yawa kuma da kansu suka koya ta intanet.

Akwai masu yi wa kamfanonin Legas da Abuja da ƙasashen waje aiki daga ɗakunansu. Sai dai aikin da ke kusa da gida, na kanti da makaranta da asibiti, shi ne ya fi fito da darussan sana'ar a fili.

Sauraro kafin rubutu

Darasi na farko shi ne kada a taɓa kwamfuta sai an fahimci aikin da ake son ta yi. Gogaggu kan nemi a ba su izinin wuni a shagon, su ga yadda ake ciniki, su duba littafin da ake rubutu a ciki.

Dalili kuwa shi ne abin da mai shago zai faɗa da baki ya kan bambanta da abin da ke faruwa a shagon. Zai ce kaya yake sayarwa a biya shi. Amma littafinsa zai nuna cewa akwai mai ɗaukar kaya bashi sai ya sayar ya kawo kuɗi, akwai mai biya kashi-kashi, akwai wanda ake yi wa ragi saboda tsohuwar hulɗa, akwai kuma mai mayar da kaya a canja masa.

Manhajar da ta san farashi ɗaya tak, kuma ba ta san bashi ba, mako guda za a yi da ita a koma wa littafi.

Haka ma batun awo. A Kantin Kwari ana sayar da atamfa turmi-turmi, turmi ɗaya yadi shida, ana kuma sayar da wasu kayan a yadi ko a dila. A Dawanau ana maganar buhu da tiya da mudu, kuma girman buhu ya danganta da irin kayan da ke ciki. Mai rubuta manhaja dole ya tambayi ma'aunin da ake nufi a kowane wuri, ya rubuta shi ɓaro-ɓaro.

Sakaci da ma'auni ya taɓa jawo babbar asara har ga hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. A watan Satumban 1999 ta rasa wani kumbo da ta aika duniyar Mars, saboda wani sashe na manhajar yana lissafi da ma'aunin Ingila, ɗaya sashen kuma yana ɗaukar alƙaluman a matsayin na ma'aunin mita.

Suna da harafi

Babu inda bambancin yanayi ya fi bayyana kamar wajen rubuta sunayen mutane.

Sunaye irin su Sa'idu da Rabi'u da A'isha da Mu'azu da Ja'afar suna ɗauke da alamar hamza, wato 'yar waƙafin nan ta sama. A harshen da ake magana da rumbun ajiye bayanai, wannan alama ita ce ke nuna inda rubutu ya fara da inda ya ƙare. Idan mai manhaja ya yi sakaci, da zarar an shigar da sunan Sa'idu sai rumbun ya ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", ya kasa fahimtar sauran.

Wasu kan magance matsalar ta hanyar hana shigar da alamar kwata-kwata, su bar mutum da sunan da ba nasa ba. Masana na ganin wannan rufe ido ne kawai, domin ɓarakar da ta sa sunan Sa'idu ya rikita manhaja ita ce ƙofar da masu kutse ke bi su aika wa rumbun nasu umarnin, su kwashe bayanai ko su goge su. Maganin shi ne a raba umarni da bayanan da mutum ya shigar, kuma dukkan manyan harsunan kwamfuta sun tanadi hanyar yin haka.

Sai kuma haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko a shekarun 1930. Rashinsu kan sauya ma'ana: kafa daban, ƙafa daban, baki daban, baƙi daban, haka fada da faɗa.

A farkon zuwan kwamfuta babu waɗannan haruffa a cikinta. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa masu suna Rabi'at da Abdalla domin cike wannan giɓi. Daga bisani tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa, ya zama ruwan dare, har ta kai ana iya rubuta Hausa daidai a kusan kowace waya.

Duk da haka da sauran aiki. Mutane da yawa ba sa sa lanƙwasa idan suna rubutu a waya, don haka manhaja mai kyau ita ce wadda idan an nemi "Danladi" za ta fito da "Ɗanladi". A Najeriya ana rubuta 'ya'ya da alamar hamza, a Nijar kuma akwai harafin ƴ, kuma wanda ke son manhajarsa ta yi aiki a Maraɗi ko Damagaram sai ya san da duka biyun.

Akwai ma batun kuɗi a ciki. Saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma idan harafi mai lanƙwasa ko da ɗaya ne ya shiga ciki, sai adadin ya koma 70. Makarantar da ke aika wa iyaye dubu saƙo mai haruffa 150 za ta iya biyan kuɗin saƙo uku a kan kowane mutum a maimakon ɗaya. Haƙƙin mai manhaja ne ya sanar da ita tun kafin a fara.

Suna ɗaya kuma kan zo da rubutu iri-iri: Muhammad, Muhammadu, Mohammed. Duk wanda ya taɓa zaryar gyara saɓanin suna tsakanin lambar banki ta BVN da lambar ɗan ƙasa ta NIN ya san illar wannan. Shi ya sa ba a dogara da suna kaɗai wajen tantance mutum. Kowane majinyaci ko ɗalibi lamba ake ba shi tasa ta kansa, domin a aji ɗaya ana iya samun Fatima Abdullahi uku.

Kwanan wata

Makarantun Islamiyya da masallatai kan buƙaci manhaja ta nuna kwanan watan Musulunci. A nan ma akwai tarko.

Kalandar da ke zuwa a cikin wayoyi lissafi take bi, galibi irin na Saudiyya. A Najeriya kuwa ganin wata ake bi, kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne ke sanar da shi. Ba mamaki a samu bambancin kwana guda.

Saboda haka masu lura kan ajiye kwanan watan Miladiyya a rumbu, su kuma bar wa mai amfani da manhajar damar ƙara kwana ko rage shi a na Hijira, gwargwadon sanarwar da aka yi.

Wuta da sabis

Mafi yawan littattafan koyon wannan sana'a an rubuta su ne a ƙasashen da wutar lantarki da intanet ba sa yankewa. Mai aiki a Kano akasin haka yake ɗauka tun daga farko.

A watan Oktoban 2024 galibin jihohin arewa, har da Kano, sun shafe kwanaki a cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta yankin. Kafin nan, a ranar 14 ga Maris na shekarar, wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya shafi bankuna da kamfanonin sadarwa a Najeriya. A 2021 kuma hukumomi sun rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro.

Darasin da ke cikin waɗannan shi ne a gina manhaja yadda za ta yi aiki ko babu intanet. Ta riƙa ajiye ciniki a cikin na'urar, idan sabis ya dawo ta aika da shi. Ta kuma riƙa adana abin da ake rubutawa lokaci-lokaci, yadda idan wuta ta ɗauke ma'aikacin asibiti ba zai sake cike fom daga farko ba.

Akwai kuma batun irin wayar da jama'a ke riƙewa. Mai rubuta manhaja yakan gwada aikinsa a kan kwamfuta mai ƙarfi, alhali wanda zai yi amfani da shi tsohuwar waya ce a hannunsa, ma'ajiyarta ta kusa cika, datarsa kuma ƙidayayya ce. Gogaggu kan ajiye irin wannan waya a teburinsu musamman domin gwaji. Abin da ya yi aiki a kanta zai yi a kan kowace.

Lissafi da amana

Kwamfuta tana da wata ɗabi'a da ke ba masu koyo mamaki. A harsuna da dama, idan aka ce ta tara 0.1 da 0.2, amsar da za ta bayar ba 0.3 cif ba ce, akwai ɗan ɓurɓushi a can ƙarshe, saboda yadda take ajiye lambobi masu ɗigo. A ciniki ɗaya ba a ganin wannan, amma a ciniki dubu ɗari yana iya taruwa.

Shi ya sa ƙa'ida ita ce a ajiye kuɗi a kwabo, da cikakkiyar lamba. Naira 1,500 sai a ajiye ta kwabo 150,000, sai a wajen nunawa a mayar da ita naira.

Matsala ta biyu ita ce biya sau biyu. Mutum ya danna "aika", sabis ya tsaya, bai ga alat ba, sai ya sake dannawa. Jama'a sun ga irin wannan da yawa a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira, da aka yi wa manhajojin bankuna rubdugu. Maganinsa shi ne a ba kowace mu'amala lambarta ta daban, yadda ko sau nawa saƙon ya iso, sau ɗaya za a cire kuɗin.

Abu na uku, wanda ya fi su nauyi, shi ne kada a bar manhaja ta goge ko ta sauya wani lissafi a ɓoye. Idan an yi kuskure, sai a shigar da gyara a sabon layi, tare da sunan wanda ya yi gyaran da lokacin da ya yi shi.

Abin da ya faru a Birtaniya ya isa misali. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata ko almundahana, saboda wata manhajar lissafi mai suna Horizon tana nuna giɓin kuɗi a rassansu. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun talauce. A 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai, a 2024 kuma majalisar dokoki ta yi dokar da ta wanke waɗanda aka yanke wa hukunci.

A kantin magani na Gyaɗi-Gyaɗi lamarin ba zai kai kotu ba, amma yanayinsa ɗaya ne. Idan na'ura ta nuna kwalin magani goma sun ɓace, yaron shago za a fara kallo. Mai gida ya fi yarda da kwamfuta a kan yaronsa, domin a ganinsa ita ba ta ƙarya. Wanda ya rubuta manhajar ne kaɗai ya san cewa tana iya kuskure, don haka nauyin faɗa yana kansa.

Ajiya da gwaji

Akwai ajiya iri biyu da masu sana'ar ba sa wasa da su.

Ta farko ita ce ajiyar tarihin aikin. Wata manhaja mai suna Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, tana riƙe kowane sauyi da aka yi wa rubutun umarni, da wanda ya yi shi, da dalilinsa. Idan gyaran yau ya ɓata abin da ke aiki jiya, sai a koma na jiyan. Al'adar da ake so ita ce a riƙa yin sauyi kaɗan-kaɗan, ana ajiye kowanne da bayaninsa.

Ta biyu ita ce ajiyar bayanan jama'a. Sananniyar ƙa'ida ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri daban. 'Yan kasuwar Kano ba sa buƙatar dogon bayani a kan sharaɗi na ƙarshe. Gobara ta ci kasuwar Sabon Gari a 2016, ta kuma ƙone shaguna a Farm Centre a watan Yunin 2025. Kwafin da ke cikin durowa kusa da kwamfuta tare da ita zai ƙone.

Ajiyar ma sai an gwada ta. A watan Janairun 2017 wani injiniya a kamfanin GitLab ya goge babban rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure. Da aka je ɗauko kwafi, sai aka tarar hanyoyin ajiyar da aka dogara da su ba sa aiki yadda aka zata, kamfanin ya yi asarar bayanan kimanin sa'o'i shida.

Gwaji kuwa ana yinsa ne da mugun zato. Me zai faru idan aka bar gurbi babu komai? Idan aka rubuta harafi a wurin lamba fa? Idan mutum biyu suka sayi kwalin ƙarshe a lokaci guda fa?

Haka nan ba a sakin gyara ga kowa da kowa a lokaci ɗaya, kuma bayan an sake shi sai an bi an tabbatar ya isa duk inda ya kamata. A watan Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB a lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa a bainar jama'a cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, bayan wani gyara da bai kai ga wasu na'urorin ba. Sai da ɗaliban suka sake jarrabawar.

Saboda irin haka ne masu sana'ar ke guje wa sakin sabon gyara a yammacin Juma'a ko jajibirin Salla, lokacin da ba za a samu mai duba shi ba idan ya ba da matsala.

Sirrin jama'a

Wanda ya rubuta wa asibiti manhaja yana iya ganin cutar kowa. Wanda ya rubuta wa makaranta yana iya ganin lambar wayar kowane uba da bashin da ake binsa.

A watan Yunin 2023 Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. Dokar ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka samu kutsen da zai iya cutar da masu bayanan.

A aikace, wannan na nufin kada a tara bayanin da ba a buƙata, kada a ajiye kalmar sirri yadda za a iya karanta ta, kuma kowane ma'aikaci ya ga iya abin da ya shafi aikinsa. Mai karɓar kuɗi ba shi da dalilin ganin sakamakon gwajin jini. Ɗabi'ar ma'aikata biyar su riƙa shiga da kalmar sirri ɗaya ita ma abar gudu ce, domin ranar da wani abu ya ɓaci ba za a san wanda ya yi ba.

Alkawari da lada

Yawancin saɓanin da ke shiga tsakanin mai rubuta manhaja da wanda ya ba shi aiki daga rashin rubutacciyar yarjejeniya yake tasowa. An yi ciniki a kan manhajar sayar da kaya, ana cikin aiki sai a ce a ƙara lissafin albashi, "ai ɗan ƙaramin abu ne".

Shawarar ita ce a rubuta abin da za a yi da abin da ba ya ciki, kowa ya sa hannu, a kuma raba biya gida-gida gwargwadon ci gaban aiki.

Ƙiyasin lokaci ma yana da wuya, kuma ƙara ma'aikata ba ya gaggauta shi. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM, ya bayyana a littafinsa na 1975 cewa ƙara mutane a aikin da ya riga ya makara yakan ƙara masa jinkiri ne, domin tsofaffin hannu za su bar aiki su koma koyar da sababbi.

Sannan manhaja ba gini ba ce da za a miƙa makulli a tafi. Tana buƙatar kulawa muddin ana amfani da ita. Kuɗin hayar manyan na'urorin da ke ɗauke da ita a intanet galibi da dala ake biya, kuma bayan faɗuwar darajar naira daga watan Yunin 2023 wanda ya yi ciniki a tsohon farashi ba tare da sharaɗi ba ya ji a jikinsa. Kuɗin kulawa na shekara-shekara abu ne da ake faɗa tun ranar farko. Wanda ya karɓa kuma, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wani haƙƙi da ake yawan mantawa da shi shi ne na mallaka. Bayanan kanti na mai kanti ne. Ya kamata ya riƙe kalmomin sirrinsa, ya kuma iya fitar da bayanansa duk lokacin da ya ga dama, ko da sun rabu da wanda ya rubuta masa manhajar.

Domin wanda zai zo baya

Rubutun umarni an fi karanta shi fiye da yadda ake rubuta shi. Wanda zai gyara shi bayan shekara biyu yana iya zama wani daban, ko kuma shi mai rubutun ne bayan ya manta abin da ya sa ya yi abin da ya yi.

Don haka ake son sunaye masu ma'ana a cikin rubutun, da gajerun sassa da kowanne ke aiki ɗaya, da ɗan bayani a duk inda aka yi wani abu da ba a saba gani ba. Dabarar da mai ita kaɗai ke ganewa ba abin yabo ba ce a wannan sana'a.

Tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun shiga aikin gadan-gadan, kuma suna iya rubuta umarni mai yawa cikin daƙiƙoƙi. Masu sana'ar da dama suna amfani da su. Sai dai ƙa'idar da gogaggu ke bi ita ce kada mutum ya miƙa wa jama'a rubutun da shi kansa bai fahimta ba, domin waɗannan manhajoji kan kawo amsa mai kama da gaskiya alhali akwai kuskure a ciki.

Ba su taɓa wuni a kantin magani ba, ba su kuma san wanda mai gida ke ba bashi ba. Idan lissafi ya saɓa, mai shago ba na'urar zai kira ba. Lambar wanda ya karɓi aikin zai nema.